Ranar da na rufe bakin buji

Ɗana na fari ne, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka tarar a ƙauyenmu, nan kusa da Tanut, haka kuma na riƙe. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, uwar ubansa, a ɗakinta ya girma. In muka haɗu a tsakar gida sai in dubi wani wuri. In ina da magana gare shi sai in faɗa wa danga, ko akuya, ko turmi: a gaya wa wancan tuwo zai huce. Shi ma ya saba. Da ya ji ina magana da akuya ya san da shi ake.

Ubansa ya rasu, kakarsa ta bi baya, gida ya rage daga ni sai shi sai matarsa. Yarinya ce doguwa mai sanyin magana, daga wani gari wajen Gangara aka kawo ta. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ni ma ban taɓa yabonta a gabanta ba.

Da amalanke ya fara neman abinci, da jakai biyu. Na ga abin da yake yi musu. In jaki ya turje a rairayi ba ya sauka ya tura, sanda yake sa masa a kunne da hanci har sai ya ga jini. Ɗaya ma ya rasa ido. Na ce wa danga wannan dabba ita ma rai gare ta. Danga ba ta amsa ba.

Shekarar da gero ya yi kyau ya sayar da jakan da amalanken, ya haɗa da ragunan da ubansa ya bari, ya sayo jan moto, wato babur, daga Damagaram. Ya shiga kabu-kabu, yana ɗaukar mutane da awaki da buhuna tsakanin ƙauyuka da Tanut. Da farko moton na tashi da bugu ɗaya. Bayan damina ya fara gardama da safe. Sai ka ji wancan yana buga kik, ƙarfen da ake takawa a tayar da shi, yana bugawa, moton ya yi tari ya mutu. Ya zage shi, ya zagi wanda ya ƙera shi. Daga nan ya ɗauko tsohuwar sandar jakai ya hau jibgar tanki da kujera. In ya gaji ya shigo gida yana huci, kuma duk abin da matarsa ke yi a lokacin laifi ne. Koko ya yi zafi, ko ya yi sanyi, ko ta dube shi, ko ta ƙi dubansa.

Ni ina zaune ƙofar ɗakina ina ɓarar gyaɗa, ina gani. Na ga ranar da ya buga kanta da jikin rumbu har haƙorinta na gaba ya fita, ta tsince shi a ƙasa ta ƙulle a bakin zane. Na ga ranar da ta yi yaji da ƙafa, tana da ƙaramin ciki, ya bi ta da moton ya cim mata kafin ta wuce rijiyar gari. Ya ɗora ta a baya da ƙarfi, ƙafarta ta manne da bututun hayaƙi, bai tsaya ba sai gida. Fatar wurin ta saluɓe kamar ta dafaffen dankali. Ni na yi ta shafa mata magani. Na aika wa ƙanen ubansa, ya zo ya yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba. Tubarsa ta kai har safiyar da moton ya sake ƙin tashi.

Ido gare ni, kuma na daɗe ina lura. Ranar da moton ya tashi lafiya, yarinyar na wuni lafiya. Ranar da ya ƙi, ni ke dafa ruwan gashi in gasa mata inda ya buga. Wancan kuwa ba ya kai shi gyara sai ya mutu masa murus a hanya. Tunda bakina ba ya isa gare shi, na ce bari hannuna ya isa ga moton.

Ranar kasuwar Tanut ina kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Kusa da inda nake zama akwai rumfar wani makanike, mutumin Damagaram, mai ƙaton ciki da hannuwa baƙi ƙirin. Shekaru muna maƙwabtaka, abin da na sani game da shi kawai shi ne yana son ƙuli mai yaji. Ran nan na ja tabarmata zuwa bakin rumfarsa.

"Kai mai baƙin hannu, me ke hana wannan abu tashi da safe?"

"Inna, kabu-kabu za ki fara? Faɗa mini da wuri in hana matata hawa."

"Matar da ta iya zama da wannan ciki naka ba abin da zai ƙara ba ta tsoro. Amsa mini."

Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, sai ya goge hannu. Ya ce moto kamar jaki yake, sai ya sha, sai ya yi numfashi, amma shi har da wuta yake so. Ya cire wata baƙar hula ta roba a gefen injin wani moto, ya sa wani ƙarfe mai rami ya murɗa, ya fito da ɗan abu kamar yatsa, rabi fari rabi ƙarfe.

"Wannan shi ne buji. Shi ke ba da wuta. Dubi bakinsa."

Na duba. A ƙarshensa akwai ɗan ƙarfe a lanƙwashe kamar ƙugiya, ya sunkuya a kan wani ɗan tsini, amma ba su taɓa juna ba. Duk sun yi baƙi da toka. Ya ce tsakanin su biyun nan wutar ke tsalle. In toka ta cika wurin, babu wuta. In bakin ya buɗe da yawa, wutar ba ta iya tsallakewa. In kuma ya rufe har suka haɗu, babu inda za ta tsallaka, ko aljani ne ya buga kik moto ba zai tashi ba. Faɗin da ake so, kaurin farcen babban yatsa.

Ya kankare tokar da ƴar waya, ya wanke da isans, man da moton ke sha, ya hura. Ya mayar da hular robar a kan bujin, ya ba ni ya ce in jingina shi da jikin inji in ga wutar da idona. Na riƙe wajen ƙarfen. Ya buga kik. Wani abu ya fizge ni tun daga yatsa har haƙoran baya, na yar da bujin, na ɗauki faifai na kwaɗa masa a ƙeya.

"Na ce ki riƙe robar, Inna."

"Ba ka ce ba."

"To yanzu kin san akwai wuta."

Da zan tashi ya ba ni wani tsohon ƙarfe mai rami irin nasa, kilen buji ke nan. Na zuba masa ƙuli a hula. Kilen na ɗaure da igiya a ƙuguna, cikin zane.

Wancan in ya fita sallar asuba ba ya dawowa sai ya sha shayi da maza a ƙofar masallaci, rana ta ɗan fito. Lokacina ke nan. Ranar farko da zan cire bujin na murɗa ta inda ba nan ba, na ƙara ɗaure shi, kilen ya suɓuce na daki injin da gaɓar yatsa har ta fashe. Na tsotse jinin na tsaya na yi tunani, sai na tuna yadda nake buɗe murfin galan ɗin mai. Na murɗa haka, ya saki. Bakin bujin ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Na kankare da allurar ɗinkin buhu, na wanke, na auna da farcena. Ƙafata ba ta da ƙarfin kik, na kira yarinyar. A lokacin ta haihu, jaririn na bayanta.

"Inna, in ya zo ya same mu fa?"

"Ni zai samu. Taka."

Ta taka. Ƴar wuta shuɗiya ta yi tsalle, tas, tas. Ta yi dariya ta rufe bakinta da hannu saboda giɓin haƙorin. Na ce ta koma bakin murhu.

Ya dawo, ya hau, bugu ɗaya moton ya ɗauka. Ya dubi sandar jakai da ke jingine, ya ce wa moton, "Ashe ka fara jin tsoro." Ya tafi. Yarinyar ta wuni tana waƙa ƙasa-ƙasa wajen daka.

Daga nan kowace kasuwa sai na koyo abu. Makaniken ya nuna mini soson da moto ke numfashi ta cikinsa, yadda rairayinmu ke toshe shi, yadda ake wanke shi da isans a matse a tafin hannu ba a murɗe ba don kada ya yage. Ya nuna mini ɗan sandan da ake zarowa a duba man inji, in ya ragu ko ya yi baƙi da yawa. Ya nuna mini sarƙar da ke jan tayar baya, yadda ake taɓa ta da yatsa a ji ko ta saki. Ya riƙa ce wa masu kawo gyara, "Ku yi hankali, ga shugabata nan, ita ke duba aikina." Ni dai ba na tanka masa, hannunsa nake kallo. Watanni suka wuce ban dafa ruwan gashi ba.

Sarƙar ce ta fara kuka, ƙiiƙii, ta bushe. Wannan ban tambayi kowa ba, don a ganina ba abin tambaya ba ne. Tun ina yarinya nake tatsar man gyaɗa. A gidana ƙyaure ba ya ƙara, igiyar fata ba ta tsagewa, kaushin ƙafa ba ya daɗewa, duk man gyaɗa ne maganinsu. Na ɗebo na farkon tatsa, mai kyan, wanda ba na sayar wa kowa, na bi sarƙar da shi ƙwaya-ƙwaya har tana ɗiga. Kukan ya tsaya. Na ƙara washegari, na ƙara rana ta uku.

Abin da ban sani ba, man gyaɗa in ya sha zafi ya sha rairayi kama jiki yake yi. Sarƙar ta cunkushe da wani abu kamar tunkuza, ta sandare, ta ci haƙoran da take bi. Wata rana yana gudu da fasinja da akuya ta fita daga kan haƙoran ta cije tayar. Suka zube su uku. Ya dawo da la'asar yana tura moton, rigarsa a yage, gefen fuskarsa a goge. Ya durƙusa ya lakato abin da yatsa ya shinshina. Duk wanda ya tashi a gidana ya san wannan ƙamshi.

Ya nufi yarinyar tana bakin turmi. Na miƙe na ce wa turmin, da ƙarfi, "A gaya wa wancan ni na zuba. Ni ce ke taɓa moton tun bara."

Ya tsaya. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya ce wa matarsa, "Kina gani tsohuwa na wasa da abincinmu kika yi shiru." Ya dunƙule hannu ya sauke mata a kunnen hagu. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an fasa ƙwarya. Ta zauna a ƙasa a hankali tana tallafe da jaririn ta baya. Jini ya biyo wuyanta siriri. Na kai ta gidan likita a Tanut, suka ce abin cikin kunnen ya fashe. Har yau in za a yi mata magana sai an zagayo ta dama.

Ranar kasuwa wancan ya kai moton gyara, ina wurin. Makaniken ya fara dariya da ya ga sarƙar, ya ce saura gishiri da yaji a ci da ita. Da ya ɗago ya ga fuskata sai ya haɗiye sauran. Ya ce a ƙasar rairayi baƙin man inji ake sa wa, kaɗan, a goge da tsumma har ya zama kamar ba a sa ba. Shi ya sa wa moton sabuwar sarƙa. Tsohuwar wancan ya kawo gida ya rataye a danga.

Na ci gaba da aikina, yanzu a fili. Bai hana ni ba. Moton ya koma tashi da bugu ɗaya.

Da kaka ne, ana girbin gero. Da safe ya fitar da moton ƙofar gida, ya buga, ya tashi. Ya bar shi yana aiki ya shigo neman hularsa. Hular na kan igiya, ta wanke ta ba ta bushe ba. Shi ke nan abin da ya faru. Ya zaro tsohuwar sarƙar daga danga ya naɗa a hannu. Yarinyar ta ga abin da ke zuwa, ta juyo ta ba shi gabanta don kada ya samu goyon. Bugun farko ya tsaga mata hannu da ƙirji. Na biyu sarƙar ta zagayo ta bayan haƙarƙarinta, bakin sarƙar ya samu ƙafar jaririn da ke leƙowa daga zane. Yaron bai yi kuka nan da nan ba, sai da ya ja numfashi mai tsawo. Duk wannan ana yi ina jin moton a waje yana ta aiki lafiya lau, bujin da na wanke da hannuna yana ba da wuta.

Ya yar da sarƙar, ya sa jiƙaƙƙiyar hular ya fita. Na ɗaure ƙafar yaron, ƙashin bai karye ba amma naman ya buɗe. Na wanke raunin uwar. Daga nan na je gidan wani maƙwabcinmu dattijo da na ji zai kai dammunan gero wajen Gangara da amalanke washegari. Na ce zai ɗauki mutum biyu. Ya ce yana tsoron ɗana ya biyo su, jaki ba ya tsere wa moto. Na ce ya bar mini wannan.

Gonarmu kusa take, da ƙafa yake zuwa girbi kafin ya fita kabu-kabu. Washegari da ya saɓa lauje ya fita, na cire bujin. Fes yake, ba toka ko kaɗan. Na kai shi kan dutsen niƙa, na ƙwanƙwasa ƴar ƙugiyar a hankali har ta sauka ta manne da tsinin. Na ɗaga shi a rana, ko haske ba ya wucewa. Na mayar, na ɗaure, na sa masa hularsa ta roba, na goge wurin da bakin zane.

Amalanken na jira a bayan gida. Yarinyar ta tsaya da ƙullin kayanta.

"Inna, ke fa?"

Na zagaya ta damanta. "Ni ba inda za ni. Hau."

"In ya biyo mu?"

"Da ƙafa zai biyo. Ki gaya wa ubanki ya dubi ƙafar yaron kafin ya saurari kowa. Ko ni na zo biko, kada ki dawo."

Ba a daɗe ba wani ya kai masa labari a gona. Ya shigo da gudu, ya leƙa ɗakinta, ya fito ya haye moton. Ya buga. Ya buga. Injin na juyawa fuf, fuf, babu ko tari. Ya buɗe tanki ya ga mai. Ya tura shi da gudu ya haye, tayar ta ja rairayi ta tsaya. Warin isans ya cika wurin. Ya fita neman aro, amma duk mai moto a garin ya ga abin da yake yi wa nasa, ba wanda ya ba shi. Ya dawo ya ɗauki taɓaryata. Bugun farko ya tarwatsa fitila, gilashi ya watsu har cikin kwaryar gyaɗata. Ya lotsa tanki, ya karya madubi, ya kayar da moton ya bi shi da ƙafa.

Sannan ya juyo. Tun da na haife shi bai taɓa tsayuwa kusa da ni haka ba.

"Inna, me kika yi masa?"

Na ci gaba da tsince gilashi daga gyaɗa.

"Ba ni ƙarfen. Na san yana ƙugunki."

Kilen na hannuna na dama a lokacin, na riga na kwance shi. Ya kama wuyan hannun ya murɗa. Na ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Na karɓe kilen da hagu, na ɗaga na sauke masa a bayan hannu da duk ƙarfin da shekarun daka suka bar mini. Fatar ta dare, na ga farin ƙashi kafin jini ya rufe. Ya sake ni.

Na dubi tsakiyar idonsa, na kira sunansa. Sunan ya yi mini nauyi a baki, ban taɓa jin sa da muryata ba. Na sake kira, cikakke, yadda liman ya raɗa masa.

"Da kai nake, ba da danga ba. Ni na hana shi tashi, kuma ba zai tashi ba sai na ga dama. In duka kake nema ga ni zaune."

Matan maƙwabta sun cika bakin danga, sun ji. Ya dubi hannunsa, ya dubi nawa da ya fara kumbura. Ya juya. Ya fita da ƙafa ta hanyar rijiya, jini na ɗiga. Bai yi nisa ba. Da azahar aka ga shi zaune gindin wata aduwa, da la'asar ya dawo ya shige ɗaki.

Wasu mata sun ce na zubar da kunya, uwa ta kira ɗan fari da suna a gaban jama'a. Na ce su je su dubi ƙafar jikana su dawo mu yi maganar kunya.

Mai amalanken ya dawo ya ce ya sauke su a hannun ubanta, uban ya kwance tsumman ƙafar yaron ya duba, ya sa aka rufe ƙofa. Da na ji haka na sa mai ɗori ya ɗaure mini hannu. Moton ya yi kwanaki kwance a inda ya faɗi, kaji na hawa. Sai da dattawan can da na nan suka zauna aka raba auren, sannan na cire bujin da hagu, na sa bakin wuƙa na ɗaga ƙugiyar, na auna da farce. Ya ɗaga moton ya buga, ya tashi, da lotsattsen tanki ba fitila.

Yaron yana tafiya yanzu, da tabo kamar sawun tsutsa a ƙwauri. In na je ganinsu a motar kasuwa nake zuwa. Hannuna na dama bai koma daidai ba, ba na iya tatsar mai da shi, saye nake in sayar. Moton kuwa har yau ni ke wanke masa soso, ni ke goge sarƙa, ni ke duba buji. Wancan bai taɓa tambayar abin da na yi masa ran nan ba, ni kuma ban koya masa ba. Kilen na nan a ƙuguna.